Yadda Muka Hana Inna Abinci da Sunan Bincike

Mijina ya ce in bari zuciyata ta huce kafin in rubuta wannan. Wata tara ke nan ba ta huce ba, don haka zan rubuta da zafinta. Sunana Lubabatu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Wurno. Mahaifiyata Hawwa'u, wadda muke kira Inna, 'yar Rimawa ce, ta dawo hannuna bayan rasuwar Baba. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Amma ba Innar da ta shigo gidana ba ce, kuma ba ciwon suga ne ya mayar da ita haka ba. Mu ne, 'ya'yanta da suka yi boko.

Da ƙishirwa abin ya fara, ƙarshen damina. Ba ta rabuwa da moɗa, ba ta rabuwa da buta. Da na ga kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari, sai na kai ta asibiti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun kama layi tun bayan sallar asuba, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Ya duba takardar gwajin jini, ya rubuta ƙwayoyi iri biyu, babba da ƙarama, ya ce, "Mama, kina da suga. A rage zaƙi, a rage sitaci. Ku dawo bayan wata guda."

Na ce, "Likita, to mi za ta ci?"

Kafin in rufe baki ya riga ya kira na bayanmu. Na san layin ya kai har gindin dogon yaro, na san shi kaɗai ne. Amma magana ɗaya ce ya kamata ya faɗa mini, wadda ba za ta ci masa minti guda ba: ƙaramar ƙwayar nan ba a shan ta a zauna da yunwa. Bai faɗa ba. Wanda ya ba mu maganin ta taga shi ma bai faɗa ba.

Tambayar da likita bai amsa ba, sai na kai ta zauren dangi da muke da shi a waya. Nan na yi kuskuren farko.

Yaya Bello shi ne babbanmu. Yana aiki a Abuja, yana da digiri biyu, kuma tun da Baba ya rasu maganarsa ce ake bi. In faɗi gaskiya, bai taɓa barin Inna ta rasa magani ba, kuma yana son ta. Ranar da na ba da labari, kafin la'asar ya turo bidiyo. Wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, yana cewa bincike ya tabbatar shinkafa guba ce ga mai suga. Yaya ya rubuta a ƙasa: "Luba, daga yau a cire shinkafa."

A Wurno fa. Mijina, Malam Umaru, shinkafa yake nomawa, buhunanta na jingine a ɗakin ajiya. Na cire.

Mako na biyu aka cire gero da dawa. Wato tuwo ya tafi, hoce ya tafi, fura ta tafi. Inna ta shekara sama da sittin tana shan fura da hantsi. Aka ce a koma alkama. Na tuƙa mata tuwon alkama, ta kai loma biyu ta ture kwanon ta ce yana manne mata a wuya. Mako na uku wani saƙo ya ce bincike ya nuna nono da man shanu na toshe jijiya. Sai ƙwai. Sai soyayyen kifi, wanda 'yan uwanta masunta ke aiko mata daga Goronyo. Wake kuma dama yana kumbura mata ciki. Wata bai cika ba sai da abincin Inna ya koma kwaɗon zogale ba ƙuli, da dafaffen kabeji, da 'yar alkamar da take iya haɗiyewa. Kowace safiya kuma ina miƙa mata ƙwayoyinta biyu da hannuna, ban taɓa tsallake rana ba. Har alfahari nake yi da hakan.

Umaru ya yi magana. Ya ce, "Luba, tsohuwar ga tana ramewa." Na ce masa Yaya ya fi mu sanin waɗannan abubuwa. Ya bar maganar a nan, don ba uwarsa ba ce.

Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo daga Rara duba jiki. Da ta ga yadda zane ke zagaye Inna sau biyu, ta ja ni bayan ɗaki.

"Ke ɗiyar ga, yunwa za ku kashe ta da ita?"

Na ciro waya na nuna mata mai farar riga. Ta ɗan kalla ta ce, "Wanga mutum ya san Hawwa'u? Ya taɓa ganin ta?" Na yi dariya a raina, na ce tsohuwa ba ta san bincike ba. Ita ma ba ta taimaki maganarta ba, don da za ta tafi ta bar mana ƙullin sassaƙe mai ɗaci, ta ce a haɗa da hayaƙi ko akwai iska a ciki. Sai na haɗa gaskiyarta da sassaƙenta na watsar gaba ɗaya.

Da wata ya cika muka koma asibiti. Aka tsaga yatsanta, ma'aikacin ya duba na'ura ya ce, "Madalla, ya sauka sosai. Ku ci gaba da abin da kuke yi." Ba wanda ya ɗora ta a sikeli. Ba wanda ya tambayi abin da muke yi ɗin. Na tura labarin a zaure, aka yi ta barka. Yaya ya rubuta: "Kun gani ko? Bincike ba ya ƙarya."

Daga nan ya ƙara ƙaimi. Ya turo cewa a jiƙa guro, wato kuɓewa, ya kwana a ruwa, ta sha da safe. Sannan ya turo wanda ya gama da mu: wai bincike ya nuna idan mai suga ya daina karin kumallo, bai ci komai ba sai azahar, ciwon zai warke gaba ɗaya har ya bar magani. Ya kira ni da kansa ya ce, "A gwada. Ai ba ya cutarwa."

Cikin makonni ukun da suka biyo baya, jikin Inna ya yi ta gaya mini gaskiya ina ƙin ji. Da hantsi sai zufa ta karyo mata ko ba zafi. Hannunta ya riƙa rawa har carbi ya faɗi. Ta fara faɗa, ita da ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ranar Asabar ɗaya na gan ta a haka, sai 'yar maƙwabta ta ba ta dabino biyu, cikin ɗan lokaci ta dawo garau. Maimakon in yi tunani, sai na shiga gidan maƙwabta na ja kunne kada a sake ba ta zaƙi. Na gaya wa Yaya, ya ce alamar ciwon na fita daga jiki ne.

Ranar Talata ce, cikin hunturu. Na ba ta ruwan guro da ƙwayoyinta, na shirya zan tafi makaranta. Na koma ɗakinta ɗaukar mayafina, sai na same ta ta juya baya tana dama wani abu a kofi. Fura ce. Ashe ta aika an sayo mata a ɓoye, ta ɓoye ƙarƙashin gado kamar ɓarauniya, a gidan 'yarta.

Ta ce, "Luba, yunwa nika ji. Bar min ko rabi."

Na ce, "Inna, so kike ki kashe kanki? Mu muna ta wahala a kanki."

Na karɓe kofin. Na zuba wa awaki. Na tafi aji na koya wa yara darasin tsaftar jiki da abinci mai gina jiki.

Umaru ne ya same ta da ya dawo daga fadama bayan azahar. Tana kwance rabi a tabarma rabi a ƙasa, rigarta sharkaf, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ba wanda ya san tun yaushe. Kafin a kira ni, mata sun cika gida, wannan na tofi, waccan na cewa shanyewar ɓarin jiki ce, a bar ta kada a motsa ta. Umaru bai saurari kowa ba, ya samo mota. A asibiti wata nas, Allah ya saka mata da alheri duniya da lahira, ba ta tsaya neman kati ba. Ta tsaga yatsa, ta duba, ta ruga ta ɗauko ruwan suga ta ɗura mata ta jijiya. Ta dube ni ta ce, "Sugan jikinta ne ya ƙare. Mi tac ci yau?"



Inna ta motsa, amma ba ta dawo daidai ba, sai aka tura mu Sakkwato. Duk hanyar Achida kanta na bisa cinyata, tana ta motsa baki kamar mai tauna.

Kwana biyu muna can kafin wata likita ta karɓi jinyarta. Mace ce mai matsakaicin shekaru, daga harshenta ka san ta gida ce. Ta ce in lissafa mata abin da Inna ke ci daga safe zuwa dare. Na lissafa, bai ɗauki lokaci ba. Ta ajiye biro.

"Wa yac ce a yi haka?"

"Bincike, likita."

"Nuna min shi."

Na ɗauka gatse ne. Amma da ta gama zagayen marasa lafiya ta dawo, ta ja kujera kusa da gadon, ta sa na kunna mata saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Umaru na tsaye a bakin ƙofa. Ana cikin haka Yaya ya kira, na sa shi a lasifika, don ina so ya ji da kunnensa.

Da muka kai ƙarshen bidiyon mai farar riga ta ce in dakata. A daƙiƙun ƙarshe, inda ban taɓa bari ya kai ba, mutumin yana ɗaga kwalin wani shayi da lambar waya. Ta ce, "Wanga ba bincike shika ba ku ba, talla shikai. Farar riga kuwa ko tela na ɗinka miki."

Yaya ya ce ta waya, "Likita, amma maganar kuɓewa an buga ta a mujallar kimiyya. Na gani da idona."

Ta ce, "An buga, Alhaji, ban musa ba. A kan wa anka gwada?"

Muka ji yana latse-latse. Can ya ce, "Ɓeraye."

Ta ce yawancin irin wannan aikin a kan ɓeraye ake fara shi, kuma ba laifi ba ne, nan ne farkon hanya. Yana nuna cewa abu ya cancanci a duba shi ga mutane, ba ya nuna a ba tsohuwa mai shan magani. Abubuwa da yawa sun yi aiki ga ɓera, da aka zo kan mutum suka zama ba komai. Ta ce maganar shinkafa wani iri ce dabam: ana tambayar mutane abin da suke ci, a jira shekaru a ga su wa suka kamu. Irin wannan yana nuna abu biyu na tafiya tare, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya, don mai cin shinkafa da yawa wataƙila kuma shi ne mai yini a zaune. Kuma ko an yarda da shi, maganar yawa yake yi, bai ce mara lafiya kada ya ɗanɗana ba.

Yaya bai saduda ba. Ya ce akwai matar da ta ba da shaida da bakinta cewa barin karin kumallo ya warkar da ita.

"Ita kin gan ta," likita ta ce tana dubana, "don ta tashi ta yi bidiyo. Wadda ta gwada ta faɗi awa Inna, wa zai ɗauke ta hoto? Shaidar mutum guda ita ta fi kowace rauni. Masu binciken jinkirta abinci na gaskiya, likita na tsaye kansu, ana rage musu magani, ana auna su. Ku kun ɗauki rabin maganar kun bar rabin da ke tsare rai."

Na tambaye ta to wane bincike ne mutum zai dogara da shi. Ta ce wanda aka tara mutane masu yawa masu ciwon, aka raba su gida biyu da ƙuri'a, aka ba waɗannan aka hana waɗancan, aka bi su lokaci mai tsawo, sannan wasu masana a wani wuri suka maimaita suka ga abu guda, kuma ba mai sayar da kayan ne ya biya su ba. Umaru, daga bakin ƙofa, ya ce, "Ashe awa sabon iri. In malaman gona sun kawo, ba mu shuka gona duka. Kunya guda sabo, kunya guda tsoho, ruwa guda, taki guda, kuma sai mun ga shekara biyu." Ta ce shi ke nan, ya gama bayanin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mijin da na rufe wa baki da digirin Yaya ba ya yi wa gonarsa gangancin da na yi wa uwata.

Abin da ya fi tsaya mini a maganarta shi ne inda ta ce ba ta sani ba. Na tambaye ta fura da hoce, ta ce ita ba ta san wani ƙwaƙƙwaran aiki da aka yi a kansu ba, don masu bincike ba su cika zuwa kan abincinmu ba. Ta ce mu sayi na'urar awo, Inna ta ci kaɗan, mu auna bayan awa biyu, mu rubuta, mu kawo mata. Wata biyu ina sauraren mutanen waya, ba wanda ya taɓa cewa bai sani ba. Ta ce abin da aka sani tabbas, wanda ba gardama a kansa, shi ne ƙaramar ƙwayar nan tana saukar da suga ko an ci ko ba a ci ba. Ta canza ta da wata. Ta ce abinci sau uku, ba tsallakewa: tuwo kamar dunƙulen hannunta, miya da ganye da yawa, kifi, ƙwai, nono ba sukari. Duk abin da muka hana, ta mayar, sai dai da awo.

Ranar da Inna ta fara magana sosai, ta ji muna maimaita zancen ɓerayen da Goggo Asabe, wadda ta zo ta karɓe ni zaman jinya. Ta ce a hankali, "Kusu? Ni kunka maida kusu?" Goggo ta yi dariya. Ni fita na yi.

Mun kwana goma sha tara. Umaru ya sayar da shinkafar da ya ajiye don iri, Yaya ya turo nasa, ban raina ba. Ƙafafunta sun dawo, nama ya fara komawa jikinta, sugan ya zauna inda ake so. Hankalinta ne bai dawo duka ba. Na matsa wa likita ta gaya mini ko ranar Talatar nan ce ta jawo. Ta ce suga in ya daɗe a ƙasa yana taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ga tsoho, amma ba za ta iya raba mini nawa ne na ranar, nawa ne na shekaru ba. Na so ta ce ba laifina ba ne. Ba ta faɗa ba, kuma na gode da ba ta yi mini ƙarya ba.

Yanzu Inna na sallah, amma sai na tsaya kusa ina tuna mata raka'a. Tana tambayata ko Baba ya dawo daga masallaci. Wata rana ta san kowa, wata rana ni kaɗai.

Ina fushi da likitan da bai ba mu minti guda ba. Ina fushi da wanda ya ce mu ci gaba da abin da muke yi. Ina fushi da masu sa farar riga su zauna gaban kyamara suna cin abinci da tsoron mutane, Allah ya isa tsakanina da su. Ina fushi da duk mai tura saƙo yana zaune a ofis, wanda ba shi zai tuƙa ba, ba shi zai ga ramar ba. Wadda ta zuba wa awaki fura kuwa, da ita nake kwana nake tashi. Idan kana da mai suga a gida, ka tambayi likita ko maganinsa na cikin masu saukar da suga da yunwa, kada ka fita sai ya amsa. Idan ka ga zufa da rawar jiki da ruɗewa, ka ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, ka kai shi asibiti. Idan kuma an ce maka bincike ya nuna, kalmar kaɗai ba hujja ba ce. Mu da muka yi makaranta ta fi saurin kama mu, don muna jin kunyar tambaya.

Yaya Bello bai samu zuwa ba sai da babbar sallah. Ya shigo da tsaraba, ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta ce in kawo wa baƙo ruwa. Ya dube ni. Na ce haka take, wata rana za ta gane ka. Ya zauna, na ga idonsa ya kawo ruwa, har na fara jin tausayinsa. Sai ya fita mota ya dawo da kwali. Wasu ƙwayoyi ne masu tsada, na ƙasar waje, wai suna dawo da tunani.

Ya ce, "An yi bincike a kansu, Luba."

Na ce, "Karanta min, Yaya. A kan wa?"

Ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya juya kwalin gaba da baya, ya ciro takardar ciki ya buɗe, ya bi ta da yatsa har ƙasa. Ina tsaye ina jira. Ya ninke ta, ya mayar, ya ɗauki kwalin ya kai mota. Na zuba tuwo da miyar sure, wato yakuwa, na ce ya zauna, ya ce sauri yake yi, zai kwana Sakkwato.

Da ƙarar motarsa ta yi nisa, Inna ta ɗago daga kwanonta.

"Wanga baƙo mai ladabi, ɗan wa na?"

"Ɗanki na, Inna. Bello."

Ta gutsuri tuwo. Sannan ta ce, "To mi ya hana shi cin abinci?"